Ranar da Za a Gaya wa Emaye

Mojo, 8 ga watan Hamle

Zuwa ga mijina Endale,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da abokan aikinka na gareji. Yaya zafin Jibuti, yaya kuma bayan nan naka da kake ɓoye mini ciwonsa? Mu nan damina ta kankama, ko'ina laka, amma jiki lafiya, mun gode Allah. Emaye, uwata, tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko har yanzu taliya kake ci safe da yamma kamar marar mata.

Gashaw direba na ba takardar hannu da hannu, don abin da ke cikinta ba ya faɗuwa a waya a gidan nan. Ka san kunnen uwata. Ba ta jin likita in ya ce ta rage sukari, amma tana jin raɗa ta bayan bango biyu. Ka sami wuri ka zauna kafin ka ci gaba.

Admasu ya rasu. Ran uku ga wata, a wani asibiti a Johannesburg, korona ce. Abokin da suke shago tare shi ya kira ni, ina tsakiyar aiki. Kwana shida ya yi yana jinya, ya hana a gaya mana. Can suka binne shi tunda babu jirgi. Ƙanina, autan Emaye, mutumin da ko mura ba ta kwantar da shi. Na zaga bayan ɗakin magani na cusa mayafi a baki na yi kukana, na wanke fuska, na dawo na ci gaba da auna zafin jikin mutane.

Emaye ba ta sani ba. Gashe Negussie kaɗai na gaya wa, tunda shi ne yayanta, shi zai ja dattawa su kai mata merdo, wato labarin mutuwar. Kai ma ka san yadda muke yi. Ba a gaya wa uwa mutuwar ɗanta a waya, ba a gaya mata tana ita kaɗai. Sai an bar ta ta ci abinci ta yi barcinta, da sassafe dattawa su ƙwanƙwasa ƙofa, mata na bayansu a shirye su riƙe ta kafin ta kai ƙasa. Daga nan mai ƙahon iddir, ƙungiyar jana'izar unguwa, ya zaga yana busa, ƙungiyar ta kafa rumfa, kwana uku gida maƙil, duk wanda ya shigo sai ya rungume ta ya yi kuka a wuyanta.

Abin da nake tsoro ke nan. Watan jiya aka yi makokin Ato Zewde a unguwar tasha, bayan kwana goma mutum goma sha huɗu suka kamu, uku suka bi shi. Da hannuna na rubuta sunayensu. Emaye kuwa ga ciwon suga, ga ƙirjin da ke kukan usur duk damina. In cutar nan ta shige ta, ba za ta fita ba. Na rasa ƙane, ba zan miƙa uwa da hannuna ba.

Na roƙi Gashe ya dakata. Ya zare mini ido ya ce, "Wubalem, ke 'yar asibiti ce ko 'yar uwarki?" Na ce duka biyun, Gashe, shi ya sa nake roƙo. Da ƙyar ya ba ni mako biyu. Abin da ya rufa mini asiri shi ne intanet da aka katse tun ƙarshen watan jiya, Emaye ta ɗauka shi ya hana Admasu kiran da yake mata kowace Lahadi. Kullum sai ta tsine wa wanda ya katse, ni kuwa ina addu'a kada a maido.

Ka yi masa addu'a, ka kunna masa kyandir in akwai coci kusa. In ka kira gida ka yi dariyarka yadda ka saba.

Taka har kullum,
Wubalem

Mojo, 20 ga Hamle

Endale nawa,

Ina gaishe ka gaisuwar kewa. Yaya aiki, yaya haƙuri? Allah ya sa kana sa takunkuminka a kan hanci, ba a haɓa ba kamar gemun aro. Amsarka ta iso, a makewayi na karanta ta kamar ɓarauniya. Ka ce in gaya mata a huta. Daga Jibuti faɗin haka yana da sauƙi, maigida.

An maido da intanet kwana huɗu da suka wuce. Tun ranar Emaye ke zaune da waya a cinya. Na ce mata an sace wayarsa. Washegari na ce abokinsa ya aiko cewa suna lafiya, ciniki ne ya yi yawa. Jiya na ce an hana fita a garinsu. Ni da ko kuɗin cefane ban iya yi maka ƙarya a kai ba, yanzu ƙarya uku nake yi kafin karin kumallo. Ita kuma ta shanya barkono a tsakar gida duk sanda rana ta leƙo, wai za ta daka masa yaji ta ajiye, da an buɗe hanya a kai masa, don yajin can ba ya da ɗanɗano. Ni ke taya ta tsince shi, daga nesa.

Ga sabuwar masifa. Na manta ɗan Etiye Belaynesh, maƙwabciyarmu, shi ma yana Johannesburg. Intanet na dawowa ya gaya wa uwarsa. Da yamma na hango ta ta nufo ƙofarmu, ido jajir, tana jan hanci. Na tare ta a bakin ƙofa na ce, "Etiye, ina zuwa da wannan fuskar?" Ta ce gishiri ta zo ara. Na ce gishirin ne ya sa ki kuka tun ba ki ɗanɗana ba? Sai ta kama hannuna ta rantse da Maryamu ba za ta faɗa wa Emaye ba. Ta cika alkawari. Emaye kaɗai ba ta faɗa wa ba, amma ta faɗa wa duk unguwa.

Ba wanda ya yi suɓul da baka, a nan kam mutanenmu gwanaye ne. Sai dai tausayi ya hana su zama a gidajensu. Gidan da na yi wata huɗu ina korar baƙi daga cikinsa, yanzu ya koma tasha. Wannan ta kawo burodi, waccan ta kawo ƙwai, wata ta ce wucewa take yi ta ce bari ta leƙo. Jiya mata bakwai na ƙirga. In ina nan sai su tsaya a jarkar da na ajiye a ƙofa, su wanke hannu da sabulu suna kallona kamar 'yan makaranta gaban malami. Da sun shiga ɗaki sai takunkumi ya sauka haɓa, a sumbaci Emaye kunci uku, a zauna gwiwa da gwiwa a sha gahawa zagaye uku. Emaye har daɗi take ji. Cewa take, "Me ya sami unguwar nan, ko an ce na ci caca ne?"

Abin da ke ƙona mini rai, Endale, ba jahilci ba ne. Watan jiya aka ba mu takardar tambayoyi muka bi gida-gida. Ta yaya cutar ke yaɗuwa, mene ne alamunta, yaya ake kare kai. A gida goma, tara sun amsa daidai, wasu har suna gyara mini. Kana gama rubutawa sai uwar gida ta naɗo loma da hannunta ta nufo bakinka, in ka ƙi ka zage ta. Da na yi wa Etiye faɗa, ƙirga mini ta yi da yatsu: "Wanke hannu, tazarar taku biyu, rufe baki da hanci. Na sani, 'yata, wayata ma sai ta yi mini wannan wa'azin kafin ta haɗa ni da kowa. Amma mu ai ba baƙi ba ne. Direbobi da 'yan jirgi ke kawo ta. Ni kullum sai na ci tafarnuwa da zuma." Na ce Etiye, cutar ba ta tambayar shekara nawa kuka yi maƙwabtaka. Ta ce bakina ya fi allurata zafi.

Na ɓoye mutuwar don in hana taro, ga shi taron yana zuwa kaɗan-kaɗan, kullum, ba ranar ƙarewa. In ina wurin aiki ba mai tsare ƙofa. Ban san abin yi ba. Mako biyun da Gashe ya ba ni sun kusa cika, na fara kauce wa hanyar gidansa.

Ka gaida Gashaw in ya iso, ka ce ya daina tsayawa shan shayi a kowane ƙauye.

Matarka,
Wubalem

Mojo, 3 ga watan Nehase

Maigidana,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka, ina fatan ka shiga azumin nan lafiya. Mu ma mun shiga. Emaye ta dage sai ta yi, duk da suga, na gaji da magana.

Jiya aka kira ni harabar coci. Gashe Negussie ne, da Abba Gebremariam firist ɗin Emaye, da Gashe Tilahun shugaban iddir. Suna zaune a ƙarƙashin itace, kowa da takunkumi, sun bar tazara tsakaninsu, ina jin don ni suka yi. Gashe Negussie bai ko amsa gaisuwata ba. Ya ce, "Mako biyu na ba ki, kin ci wata. Ƙanwata tana yawo da fararen kaya, tana shafa man shanu a ka, tana dariya da maƙwabta, ɗanta na cikin ƙasa. Kin mai da ita abin kallo, kin mai da ni matsoraci." Na ce gara abin kallo da abin binnewa. Ya ɗaga sanda kamar zai buge ni, Abba ya ce ya zauna.

Abba bai yi faɗa ba, shi ya sa maganarsa ta fi ciwo. Ya ce ran sha biyu ga wata Admasu ke cika arba'in, kuma ba a yi wa mamaci addu'ar arba'in uwarsa na raye ba ta sani ba. Ya ce, "'Yata, kina tsaron numfashin uwarki, Allah ya saka miki. Amma yaron nan ma yana da hakki, ba wanda ya yi masa kuka a gidan da aka haife shi." Ni ma abin yana cina.

Na yarda, amma na kafa sharuɗɗa. Ba ƙaho, ba rumfa. Su uku kaɗai za su zo, ba mata a bayansu. Kowa da takunkumi, kowa ya tsaya taku biyu daga gare ta, ba mai taɓa ta. Masu ta'aziyya su zo huɗu-huɗu, su tsaya a tsakar gida su yi gaisuwa su juya. Gashe Tilahun ya ce dokar gwamnati ma haka ta ce, kuma shi ba ya son 'yan sanda su kwashe masa kujerun iddir. Sai ya tambaye ni, "To, likita, wa zai riƙe ta?" Na ce zan shimfiɗa katifa a falo, a zaunar da ita tukuna kafin a faɗa. Ya ce to. Na sa su rantse, suka rantse. An tsai da gata, ran shida ga wata.

Akwai abin da ban gaya musu duka ba. Makon jiya na tallafi wata mai shayi a bakin tashar manyan motoci, tana haki, na sa ta a motar asibiti. An gwada ta, tana da cutar. Shekaranjiya aka ɗauki samfurina, amma an ce gwaji ya yi yawa a ɗakin bincike, sakamako sai ya yi mako. Na ce wa Gashe Negussie a jira ya fito. Ya ce ya gaji da jirana, kuma ai ba ni zan faɗa ba, in tsaya can nesa.

Kada hankalinka ya tashi. Ba zazzaɓi, ba tari, ɗan kaikayin maƙogwaro ne kawai, kuma wanda ke yini yana magana a lasifika dole maƙogwaronsa ya yi kaikayi. Tun watan Miyazya nake kwana a ɗakin girki, kwanona daban, kofina daban. Wata huɗu ban taɓa ko yatsan Emaye ba. Tana ce mini baƙuwar gidan. Kwana uku kawai suka rage, zan iya.

Ina ma kana nan.

Wubalem

Mojo, 7 ga Nehase

Endale,

Ina gaishe ka. Ka yafe mini gajeriyar gaisuwa.

An kai merdo jiya. Daren shekaranjiya na dafa mata miyar wake yadda take so, ta ci sosai, har ta ce yau baƙuwar gidan ta tuna da ita. Gari na wayewa na ji ƙwanƙwasa. Na riga na shimfiɗa katifar, na yi niyyar ni zan buɗe ƙofa in shigo da su in zaunar da ita. Ashe ta riga ni tashi, tana shirin tafiya coci. Kafin in fito daga ɗakin girki ta zare sakata.

Ta ga maza uku tsaye a tsakar gida da sassafe, lulluɓe da gwado, yayanta da firist ɗinta da shugaban iddir. Wace uwa ce a ƙasar nan ba ta san ma'anar wannan ba? Ba ta gaishe su ba. Ta dubi Gashe Negussie ta ce, "Wanne?" Ya ce ta shiga ciki ta zauna. Ta ce, "Negussie, wanne? Mijin yarinyar nan ne ko ɗana?" Abba ne ya ce, "Admasu ya huta, Allah ya ba ki ƙarfi."

Sun cika alkawarinsu, Endale. Ba wanda ya motsa. Dattawa uku tsaye kamar turaku, taku biyu daga gare ta, hawaye na jiƙa musu takunkumi. Ta yi wata ƙara da ban taɓa ji daga bakin mutum ba, ta faɗi a kan dutsen bakin ƙofa. Tana dukan ƙirji da hannu biyu, tana yagar kumatunta, tana buga goshi a dutsen. Gashe Negussie ya ɗaga ƙafa zai je, sai ya waiwayo ya dube ni, ya mai da ƙafar. Ni na sa shi rantsuwa. Jini ya fara zuba a girarta. Ta ɗago tana dubanmu ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Ba mai riƙe ni? Ni ba ni da kowa ne?"

Ban san sanda na isa wurinta ba. Na rungume ta ta baya na danne hannayenta, ta juyo ta ƙanƙame wuyana. Garin kokawa takunkumina ya tsinke, ban ma nemi inda ya faɗi ba. Fuskata a kan tata, ina kuka a cikin bakinta tana kuka a cikin nawa, muna kiran sunansa. Kukan da na haɗiye kwana talatin da uku duk ya fito. Ban san tsawon lokacin ba. Na san dai duk abin da nake koya wa mutane da lasifika yana cikin kaina a lokacin, ban manta ko ɗaya ba, kuma ban sake ta ba.

Ƙaho kuwa ba a buƙace shi ba. Unguwar da ta yi kwana ashirin tana jiran wannan ƙara, kafin rana ta fito ta cika gidan. Etiye Belaynesh ce ta fara shigowa, mayafi a juye, tana dukan ƙirji. Gashe Tilahun ya tsaya a ƙofa yana cewa huɗu-huɗu, jama'a, huɗu-huɗu, aka ture shi gefe har da jarkar ruwan. Na ƙirga sittin na daina. Da rana 'yan sanda suka zo suka rage mutane, suna tafiya aka dawo.

Da yamma, bayan an aske mata kai an sa mata baƙaƙen kaya, ta tambayi Abba ranar da ya rasu. Abba ba ya ƙarya. Ta yi lissafi da yatsunta, ta sa aka kira ni. A gaban mata ta ce, "Kwana talatin da uku kina kallona ina daka wa gawa yaji." Na ce Emaye, tsoron cutar nan ne, don ke na yi. Ta ce, "Kin tsare ni da kyau. Tashi ki koma ɗakin girkinki." Tun daga nan ba ta sake duban inda nake ba.

Na koma ɗakin girkin. Yau da safe na dafa gahawa don masu makoki, na sa hanci a kan kaskon, ban ji ƙamshin komai ba.

Ka yi mana addu'a.

Wubalem

Wurin killace masu cutar, 14 ga Nehase

Mijina abin ƙaunata,

Gaisuwa da fatan kana lafiya. Ba mai karɓar takarda daga hannunmu a nan, don haka hotonta zan ɗauka in turo maka ta waya. Na gode da kiran da kake yi, ka yi haƙuri da ba na iya doguwar magana, numfashin ne.

Sakamako ya fito ran tara, ina da ita. Motar asibiti ta zo har ƙofar gida, ana tsakiyar zaman makoki. Matan da suka yini suna rungumar juna suka dare kamar an jefa dutse cikin kaji, wasu har da rufe hanci da mayafi. Etiye Belaynesh na ji tana cewa, "Ashe a gidan take, mu muna ta tsoron direbobi." Ban ji haushinta ba, gaskiya ta faɗa.

Makarantar sakandare ce aka mai da wurin jinya, gadona yana ƙarƙashin allo. Abokiyar aikina Tiruwork ce ta zo da takardar da ake rubuta waɗanda mai cutar ya yi hulɗa da su, irin wadda na cika wa mutane ba adadi. Ta ce, "Wa kika fi kusanta a kwanakin nan?" Na ce rubuta sunan uwata. Ta ce na tsawon wane lokaci, da takunkumi ko babu? Na ce Tiruwork, rubuta kawai.

An yi arba'in ɗin Admasu shekaranjiya, ban je ba. Emaye ta je coci da ƙafarta, ta dawo da zazzaɓi. Jiya aka kai ta asibiti a Adama, an sa mata iskar numfashi. Mutum biyar daga makokin suna nan tare da ni, har da Gashe Tilahun, yana ɓangaren maza yana ta yi wa ma'aikata faɗa a kan shayi. Ina ta gaya wa kaina wataƙila a wurin matan nan masu gahawa ta ɗauka, ko a cikin mutum sittin ɗin. Wataƙila. Amma na san fuskar da ta fi kusa da tata.

Da safen nan wata ma'aikaciya ta kara mata waya a kunne. Muryarta can ƙasa. Ta ce, "Baƙuwar gidan, kina cin abinci?" Na ce ina ci, Emaye, ki yafe mini. Ta ce, "Ci dai." Sai tari ya sarƙe ta aka karɓe wayar.

Taka,
Wubalem

Wurin killace masu cutar, 27 ga Nehase

Endale nawa,

Ina gaishe ka da zuciya ɗaya. Yaya aiki, yaya bayanka? Ni na warke. An gwada ni sau biyu ba a ga komai ba, takardar tana hannuna. Gobe za a sallame ni.

Kwana shida ke nan ban ji muryar Emaye ba. Ranar farko aka ce tana barci. Washegari Gashe Negussie ya ce cajin wayarta ya ƙare. Da na kira asibitin aka ce an canza mata ɗaki, wanda ke kula da ita ya fita, in sake kira. Gashe ya ce tana samun sauƙi, har ta sha kunu, likitoci ne suka hana ta magana don ta huta. Mutumin da bai taɓa yi mini magana mai laushi ba tun ina yarinya, yanzu 'yata yake ce mini, yana tambaya ko ina barci sosai.

Etiye Belaynesh ta aiko mini da abinci sau uku a makon nan, har da kaza. Tiruwork ta daina tsokanata, in ta shigo sai ta yi ta gyara mini bargo tana kallon bango. Kai ma, maigida, shekaranjiya ka kira ni sau huɗu, kana ta ba ni labarin wani injin da ya ƙi tashi, kana dariyar da ba taka ba. Ba ka iya ba, Endale. Ni na yi wannan aikin kwana talatin da uku, na san yadda ake yinsa.

Ban tambaye ka komai ba, kada ka amsa mini. Kada ka kira yau, ka bar su su yi yadda ake yi. Ina jin haushin kaina, ina jin tsoro, kuma akwai wani ɗan wuri a zuciyata da ke cewa wataƙila da gaske cajin ne ya ƙare. Ka bar mini shi zuwa gobe.

Na ce wa Gashe zan hau mota in dawo da kaina da rana. Ya ce a'a, in ci abincin dare sosai in kwanta, su za su zo su ɗauke ni da sassafe, shi da Abba da wani dattijo. Na ce to. Na tura masa hoton takardar sallamata, na ce ya nuna wa duk wanda zai zo, ya nuna wa Etiye ma, ta biyo su. Na ce ya gaya musu ba ni da cutar yanzu, ba zan sa wa kowa komai ba. Kada kowa ya tsaya nesa da ni.

Matarka,
Wubalem